Na sa vogue a rawata, an ce sata ce, ga kuma ciwon gwiwa

Tambaya: Malama, ina koyon rawar zamani a Landan, na sa vogue, wani salon rawa daga Amurka, a tsarin rawar da zan nuna ƙarshen zango. Wata 'yar ajinmu ta ce satar al'adar wasu nake yi, tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ga gwiwata ta dama tana ciwo tun da na fara gwada faɗuwar baya da na gani a TikTok. Ya zan yi?

Amsa: 'Yata, ki dakatar da faɗuwar nan yau, ki kai gwiwar likita ya duba. Ciwon da maganar satar tushensu ɗaya: an cire rawar daga hannun masu ita.

Kullum sai na gamu da masu kiranta "faɗuwar mutuwa". Masu rawar ba sa kiranta haka, dip suke cewa, kuma ba faɗuwa ba ce ko kaɗan. Sauka ce da ake sarrafawa. Nauyin jiki na bin ƙafa ɗaya da aka lanƙwasa, ɗayar ta miƙe, baya ya isa ƙasa daidai da bugun kiɗa. Kafin a kai nan sai an daɗe ana tafiyar tsugune har cinya ta yi ƙarfi. Amma sai wani da bai taɓa shiga zauren gasa ba ya ɗora bidiyo na daƙiƙa 30, ya ce ki saki jiki ki faɗi. To ina nauyin zai tafi? Kan gwiwar da ke lanƙwashe, da ƙashin baya, da ƙeya. Wallahi abin na ɓata mini rai, domin kuɗi suke karɓa, kuma idan yarinya ta ji rauni ba sa nan. Wanda bai san sunan motsi ba, ta yaya zai san yadda ake sauka lafiya? Duk malamin da ya fara miki da dip a darasin farko, ki ɗauki jakarki ki fita.

Batun sata kuwa, 'yar ajinku tana da dalili. Rawar ta fito ne daga Harlem a Niyok, wurin baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka masu neman jinsi ɗaya da waɗanda suka sauya jinsi. Ɗaya daga cikinsu, Crystal LaBeija, ta kafa gidanta, wato ƙungiya mai zama kamar iyali, a shekarun 1970 saboda wariyar launi a gasannin da farare ke shiryawa. Gidajen na da uwa da uba, suna riƙe matasan da iyayensu suka kora, kuma cutar ƙanjamau ta kashe da yawa daga cikinsu. A 1990 mawaƙiya Madonna ta fitar da waƙarta mai suna Vogue, duniya ta ɗauka ita ta ƙirƙiro rawar, alhali Jose Gutierez da Luis Camacho na gidan Xtravaganza ne suka tsara ta a bidiyon.

Ba a hana ki koyo ba. Trajal Harrell, mai tsara rawa baƙar fata daga Amurka, tun 2009 ya gina jerin ayyuka kan tambaya ɗaya: da ɗan vogue daga Harlem ya sauko cocin Judson da ke wata unguwa ta Niyok a 1963 ya yi rawa da masu rawar zamani na can, me zai faru? Bai ɓoye inda ya ɗauko ba, shi ne ma jigon aikin.

Landan na da gidajen vogue da azuzuwansu. Ki biya ɗan gida ya koya miki, ki rubuta sunansa da na gidansa a takardar wasan. Idan gwiwar ba ta warke ba kafin ƙarshen zango, ki cire dip ɗin, ki tsaya kan aikin hannu.