Amsar Anti Nas ga Maman Walid kan awon AMH da maganar ƙwan baƙar mace

(An rubuto daga muryar da ta turo wa zauren matan unguwarmu, Ƙofar Ƙaura, Katsina, don waɗanda ba su samu saurare ba.)

Assalamu alaikum. Hajiyoyi, yayyena da ƙannena, barkanmu da dare. Maman Walid, na ji saƙonki. Kin ce shekarunki 36, shekara biyu kina neman ƙarin haihuwa, an yi maki awon AMH, wato awon jini da ke nuna yawan ƙwan da ya rage wa mace, an ce ya yi ƙasa, sannan kin ga bidiyo ana cewa mu baƙaƙen fata ƙwanmu ya fi saurin ƙarewa. Ƙanwata, share hawayenki ki saurare ni.

Ita ɗiya mace da ƙwanta ake haihuwarta, miliyan ɗaya zuwa biyu. Kafin ta fara al'ada ya ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma a duk rayuwarta wanda zai nuna ya fito bai wuce 400 zuwa 500 ba. Sauran a hankali yake lalacewa, ko tana da aure ko ba ta da shi, ko tana shan maganin tazarar haihuwa ko ba ta sha. Idan ya rage kamar 1,000, sai al'ada ta ɗauke. Wannan haka yake ga Bahaushiya, haka yake ga Baturiya.

To shi AMH sinadari ne da ƙananan ƙwayayen ke fitarwa cikin jini. Kamar leƙa rumbu ne: za ki ga yawan hatsin da ya rage, amma ba zai gaya maki ko irin zai tsira ba. Ingancin ƙwai shekaru ne ke tafiya da shi. A 2017 an fitar da wani bincike a Amurka kan mata 'yan 30 zuwa 44 masu neman ciki, aka ga waɗanda AMH ɗinsu ya yi ƙasa suna ɗaukar ciki kusan daidai da sauran. Inda awon ya fi amfani shi ne wurin masu shirin dashen ciki na IVF, don likita ya san yadda jiki zai karɓi allura.

Yanzu maganar launin fata. Mai bidiyon ba ƙarya ta ƙirƙira gaba ɗaya ba, amma ta zuzuta. Akwai babban bincike mai suna SWAN da aka fara a Amurka a 1996, da mata 3,302 'yan shekara 42 zuwa 52: farare, baƙaƙe, 'yan asalin Latin Amurka, Sin da Japan, ana bibiyarsu shekara da shekaru. An ga baƙaƙen suna riga farare daina al'ada da kimanin wata takwas. Wata takwas fa, ba shekara takwas ba. Inda bambancin ya fito fili shi ne wannan zafin da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska a lokacin ɗaukewar al'ada, da gumin dare har ki jiƙa zani: baƙaƙe sun kai shekara 10 suna fama da shi, farare 6 da rabi, 'yan Japan ƙasa da 5. A kan AMH kuwa bakin masu bincike bai zo ɗaya ba. Wasu sun same shi ƙasa a wurin baƙaƙe, wasu kuma sun ga yana farawa ƙasa a ƙuruciya amma ba ya saurin zubewa kamar na farare.

Abin da nake so ku riƙe, waɗannan baƙaƙen Amurka ne, ba matan Katsina ko Daura ba. Cimarsu daban, rayuwarsu daban, kuma su kansu masu binciken suna danganta da yawa daga bambancin da ƙuncin rayuwa, ƙiba, shan taba da rashin samun asibiti a kan kari. Taba kaɗai tana janyo ɗaukewar al'ada da shekara ɗaya zuwa biyu. Ga ƙarin mahaifa, wato faibroid, wanda ya fi yawa a wurinmu, har ya kai ga tiyata. A nan Najeriya an fi samun ɗaukewar al'ada a wajen shekara 48, su can Amurka 51, duk dai cikin 45 zuwa 55 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa. Wadda tata ta ɗauke kafin 40, wannan lalura ce, ta ga likita.

Kuma ki duba takardar da kyau. Wani ɗakin awon yana rubuta lambar da ma'aunin ng/mL, wani da ma'aunin pmol/L, kuma 1 na farkon ya kai 7 na biyun. Na taɓa ganin wata baiwar Allah ta shigo da takardu biyu a ninke cikin jakarta, idonta ya kumbura don kuka, wai ƙwanta ya zube cikin wata uku. Ashe ma'aunin ne ba ɗaya ba. Maganin tazara ma yana sauke lambar na ɗan lokaci.

Sai dai ba zan ce ki miƙe ƙafa ba. Wadda ta haura 35, in ta yi wata shida babu ciki, zuwa asibiti ya kama ta, ke kuwa kin yi shekara biyu. Don Allah kada ki zuba kuɗinki wurin masu tallan maganin "ƙara ƙwai" a Facebook, babu sassaƙe ko ƙwayar da ke mayar da wanda ya tafi. Ki je wurin likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Turai Yar'adua. Za a auna FSH, wato sinadarin cikin jini da ke sa ƙwai ya nuna, tsakanin rana ta 2 da ta 4 da fara al'ada, a yi sikanin, a duba ko bututun ƙwai ya toshe, don mu nan ciwon sanyi da ba a kula da shi ba yana yawan jawo hakan. Kuma ki lallaɓa Baban Walid ku je tare a auna maniyyinsa, don kusan rabin matsalar haihuwa akwai hannun namiji a ciki, ko da ya taɓa haihuwa.

Ki ɗauki hoton takardar ki turo mani ni kaɗai, kada ki sa a zaure. Allah Ya ba ki zuri'a mai albarka. Wassalamu alaikum.