Amsa ga Ɗan Ƙanwata kan Zuciyar Waya

Assalamu alaikum ɗana. Ka ce malamanku sun dage sai kun haɗa kwaikwayon zuciya da wayoyin lantarki kafin ku taɓa kwamfuta, kana tambaya ko al'ada ce kawai ta tsofaffin injiniyoyi. Al'ada ce, amma tana da tushe. Tun 1899 Otto Frank na Jamus ya nuna cewa manyan jijiyoyi suna ajiye jinin kowane bugu, su riƙa sakinsa a hankali, kamar tankin da ke kan rufin gida a unguwar Nima ta Accra: famfo ya zo ya ɗauke, ruwa bai yanke ba. Daga baya su Noordergraaf da Westerhof suka gina jijiyoyin jiki da kayan lantarki.

Ƙarfin wuta shi ne matsin jini, kapasita ita ce miƙuwar jijiya, resista kuma ƙuncin ƙananan jijiyoyi. Ka ɗauki folt 1 a matsayin mmHg 10 (mmHg shi ne ma'aunin matsin jini), wato 120/80 ya zama folt 12 da 8, don haka nemi wutar folt 15. Haɗa resista 100k da kapasita 15µF kafaɗa da kafaɗa, ka sami daƙiƙa 1.5, kusan yadda matsin ke sauka a jikin mutum tsakanin bugu biyu. Sa wata resista 5k a gabansu. Zuciyar kuwa 555 ce, wato ɗan guntun lantarki mai kunna wuta da kashe ta a kan lokaci: daƙiƙa 0.3 a kunne, 0.5 a kashe, bugu 75 a minti. Sai ka gitta dayod kan resistarta ta biyu, in ba haka ba kunnawar za ta fi rabi. Duk za ka samu a Zongo Lane, kasuwar kayan lantarki a Accra.

Inda yara ke faɗuwa shi ne bawul, wato dayod ɗin da ke hana wuta komawa baya kamar yadda bawul ɗin zuciya ke hana jini. Dayod 1N4148 yana cin kusan folt 0.6, ka yi asarar mmHg 6 ba ka sani ba. Dayod irin Schottky ya fi, don bai kai shi cin wuta ba. Kapasitar ruwa kuma takan kauce da kashi 20 cikin 100, ka auna ta kafin ka yarda da rubutun jikinta. Osiloskop, na'urar da ke zana ƙarfin wuta a allo, mai megom 1 zai mai da 100k ɗinka 91k, sai ka juya tsinken zuwa ×10.

In ya tashi, cire kapasitar ka sa 7.5µF. Lambar ƙasa, wato 80 ɗin, za ta faɗi, tazarar ta buɗe: jijiyar tsoho ke nan da ta sandare. Kwamfuta za ta ba ka wannan zane ko da ka shigar da shirme, amma allon waya ba ya rufa wa kowa asiri.

Ka gaida mahaifiyarka.