Wace doka ya kamata mai son zama shugaban makaranta ya fara sani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Tudun Wada, Zariya. Ina da takardar NCE, wato shaidar koyarwa ta kwalejin ilimi, kuma burina in zama hedimasta, amma kullum ana ce mini sai na san dokokin ilimi. Daga ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya cika maka burinka. Ka fara da rarrabe manufa da doka, domin a nan ne shugabannin makarantu da yawa suke tuntuɓe. Kundin Manufofin Ilimi na Ƙasa, wanda aka fara fitarwa a 1977 aka kuma yi ta sabunta shi har zuwa bugun 2013, shi ne ya shimfiɗa tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a), ya kuma sanya NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Sai dai jagora ne kawai, ba a gurfanar da mutum a kotu don ya saɓa masa. Doka kuwa, hukunci ne ke biye da ita.

A Kundin Tsarin Mulki na 1999, mutane sun fi ambaton sashe na 18 mai maganar ilimi kyauta, alhali yana cikin babi na 2 wanda kotuna ba sa tilasta aiki da shi kai tsaye. A ganina sashe na 36, wanda ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi, shi ya fi shafar aikinka na yau da kullum. Ka nemi shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986 ka karanta a tsanake. An kori ɗalibai bayan wata tarzoma, amma Kotun Ƙoli ta soke korar, saboda ba a ba su cikakkiyar damar kare kansu ba, kuma wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta yi wa ɓarna. Shari'ar jami'a ce, amma ƙa'idarta ta isa har firamare: idan za ka dakatar da yaro, ka sanar da shi da iyayensa laifin da ake tuhumarsa da shi, ka ji ta bakinsa, ka rubuta komai, kuma malamin da ya kawo ƙara kada ya zauna cikin masu yanke hukunci. Sashe na 38 kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi darasi ko ibadar addinin da ba nasa ba, kuma wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a unguwa irin Sabon Gari, inda aji guda kan haɗa Musulmi da Kirista.

Sai Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai-ɗaya a matakin farko, wadda ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, ta kuma mayar da karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki laifin da ke jawo tara ko ɗauri. Saboda haka duk gudummawar da iyaye za su haɗa, ta bi ta hannun kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ko ƙungiyar iyaye da malamai, da rubutaccen bayanin taro da rasit, kada ta kwana a aljihun hedimasta. Ka haɗa da dokar hukumar rajistar malamai, TRCN, ta 1993, da dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999, da kuma Dokar Kula da Kare Yara ta Jihar Kaduna ta 2018.

Ka kuma san iyakar ikonka. Hedimasta ba ya korar malami. Takardar tuhuma yake ba shi, idan amsar ba ta gamsar ba ya miƙa rahoto ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan zance ya wuce zuwa SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, a Kaduna. Takardun umarnin da ke saukowa daga can suna canzawa, don haka ka riƙa tara su a fayil guda bisa kwanan wata.

Batun karatu kuwa, gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa: Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da gudanarwa da tsare-tsaren ilimi, sannan akwai cibiyar NIEPA da ke Ondo mai horar da shugabannin makarantu. Kafin nan, ka roƙi hedimastanku ya bar ka ka taya shi cika rajistar shigar ɗalibai, da littafin halartar malamai, da littafin hukunci, domin su jami'an sa ido suke fara nema idan sun zo, kuma su ne shaidarka idan magana ta kai kotu.