Amsa: Na'urar ɗumama gida ta lalace, mai gida ya yi shiru

'Yar'uwa, kin ce sati 3 ke nan na'urar ɗumama gidan ta mutu, yara na kwana cikin sanyi, mai gida ya ƙi ɗaga waya. Wallahi abin ya taɓa min rai.

Kada ki riƙe kuɗin haya, hujjar korarki za ki miƙa masa. Ki rubuta masa takarda mai kwanan wata, ki haɗa da hotuna, ki ajiye kwafi. Gyaran nan nauyinsa ne. A Ingila sashe na 11 na dokar haya ta 1985 ya faɗa ƙarara. In ya yi kunnen uwar shegu, ki kai ƙara ofishin lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma, su zo su duba gidan.