Amsarka kan hoton da ka gani na jana'izar Sista

Ɗana na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne don na san in na amsa a lokacin da zafi zan amsa. Ka ce Gwaggo me ya kai ki coci da hijabinki har da ɗaukar hoto, wai mutanen gida suna ta magana cewa dama Hausawan Gana sai a hankali. To ni ce a hoton, ba kama ba ce, kuma matar da muka je rakiyarta malamata ce, ita ta koya min riƙe fensir.

Ba baturiya ba ce kamar yadda kake zato. Baƙa ce wuluk, doguwa, 'yar ƙabilar Dagati daga wajen Jirapa can arewacin Gana, inda fadan Katolika suka kafa mishan a 1929, mahaifinta yana cikin na farkon da suka bi su. Ba ta kai shekara 20 ba ta ce ita zaman zuhudu za ta shiga, kuma a wajensu wannan ba ƙaramin abu ba ne don sadakinsu shanu ne da wuri, 'ya mace in ta ƙi aure to gidan ya yi asarar abin da za a auro wa yayyenta mata da shi, ta ce min baffanninta sun yi shekaru ba sa amsa gaisuwarta. Alkawari uku suke ɗauka a gaban jama'a, ba aure har mutuwa, ba mallakar dukiya, sai biyayya, duk inda shugabarsu ta tura su nan za su. Albashinta na koyarwa ko taɓa shi ba ta yi, asusun gidan sistoci yake shiga. Ni dai riga biyu na san ta da su duk zamana a makarantar, da takalmi sau ciki guda ɗaya wanda wani baduku a zangonmu ya gaji da ɗinke shi har ya daina karɓar kuɗinta.

Yadda aka yi na faɗa hannunta kuwa, ka san kakanmu da jakuna ya baro Kano yana fataucin goro, ya zauna Salaga, da kasuwar can ta mutu ya gangaro Kumasi, ƙaninsa wato kakan babanka shi ya koma gida. Baba a nan aka haife shi kuma har ya girma bai yarda da boko ba ko kaɗan. Abin da ya juya shi shekarar 1969 ce, da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda sati biyu ya bar ƙasa, ya ga maƙwabtansa da aka haifa a unguwa ɗaya da shi an loda su a mota, wani ya sa hannu a takardar da bai iya karantawa ba ashe shagonsa ya sayar a banza. Daga nan ya rantse duk ɗan da ya haifa sai ya iya karanta takardar gwamnati. To amma ina za a kai mu? Lokacin makarantun kirki na kusa da mu duk na mishan ne, sashen ilimin Islamiyya na gwamnati sai a 1987 aka kafa shi, ni kuwa 1976 na isa shiga aji. Na yayyena maza bai yi wahala ba, nawa ne ya tsaya don ni mace ce.

Ita da kanta ta tako har gidanmu, ina laɓe bayan Inna ina kallo. Ta cire takalmin nan nata a ƙofar ɗakin Baba ta durƙusa ta gaishe shi da Hausarta irin ta bariki, Baba yana kan buzu yana ware goro a ganye ko kallonta bai yi sosai ba. Ya ce sharaɗinsa uku, ba za a sa min ruwan coci ba, ranar Juma'a a sake ni da wuri, kuma ƙarfe uku ina gida don makarantar allo. Ta ce Alhaji na ɗauka, ni lissafi da turanci zan ba ta, sallarta tana hannunka. Ya ɗauki farin goro biyu ya miƙa mata. Wallahi ɗana shekara goma na yi a makarantar nan, daga aji ɗaya har na gama midil, ko sau ɗaya ba ta karya alkawarin nan ba, akwai ma ranar da ta ga na tsaya wasan ampe bayan an tashi, ta kamo kunnena ta ce malamin allo yana jiranki.

Ibadarta fa ba wasa. Kafin gari ya waye sun tashi sun yi addu'arsu sun je mas, wato ibadarsu ta coci, sha biyun rana in ƙararrawa ta buga ko tana tsakiyar lissafi a allo za ta ajiye alli ta sunkuyar da kai sai ta gama, mu Musulmi mu yi shiru mu jira. Carbinta kullum yana aljihu. In azuminsu na kwana 40 ya kama za ka gan ta da toka a goshi ranar Larabar farko, kuma ba ta cin nama ranar Juma'a. Wata rana da ta ji na kai Suratu Maryam a allo ta ce in karanta mata, na karanta ina fassara mata ɗan abin da malam ya gaya mana, da na zo inda naƙuda ta kai Nana Maryam gindin dabino sai na ga hawaye a fuskarta. Ni kuma da ƙuruciya na ce amma Sista Annabi Isa ba ɗan Allah ba ne, bawansa ne, a surar ma ya faɗa da bakinsa. Ba ta yi fushi ba, ta ce ta san abin da muka yarda da shi, ita ma tana kan nata. Iyakar muhawararmu ke nan ni da ita har ta mutu. Da na ba Baba labari sai ya karanto min ayar nan ta Ma'ida da ta ce a cikinsu akwai malamai da masu zuhudu kuma ba sa girman kai, ya ce irinsu ake nufi, sannan ya ƙara da cewa shi rashin auren su suka ɗora wa kansu ba Allah ya ɗora musu ba, haka yake a Suratul Hadid. Ni har yau a kan maganar Baba nake, ban yarda da aƙidarta ba ko da ƙwayar zarra, kuma abin yana min ciwo mace mai son yara irin wannan a ce ba ta goya nata ba.

Abin da ya sa ba zan iya zama a gida ana binne ta ba shi ne 1983. Ba a haife ka ba, amma tambayi babanka shekarar da Najeriya ta koro 'yan Gana wajen mutum miliyan ɗaya, suka iske mu cikin fari, gobarar daji ta cinye gonaki, kasuwar Kejetia da kuɗinka a hannu ba ka samun masara. Ƙashin wuyan mutane ya fito har ana kiransa sarƙar Rawlings, wato shugaban ƙasa na lokacin. Cocin su Sista ya samo taimakon jar masara da alkama da garin madara, ana dafa mana a makaranta da rana, sai ga azumi ya kama wajen watan Yuni. Mu 'yan zango da muka fara tasawa muka ƙi ci. Wata malama ta ce wanda bai ci ba shi ya so. Sista ba ta ce komai ba, washegari sai ga ta da gwangwanayen madara da ta wanke, ta zuba wa kowaccenmu rabonta ta rufe da ganye ta ɗaure da zare ta ce ku kai gida ku sha ruwa da shi. Haka ta yi ta yi har aka ga wata. Gwangwanina mu biyar muke buɗa baki da shi har da Inna da ke da ciki, kuma sai daga baya mai dafa musu abinci ta gaya wa Inna cewa nata abincin ranar take ƙara mana a ciki.

Ba ina ce maka komai daɗi ba ne a makarantun mishan. Mun tsaya a layin safe ana addu'o'in da ba namu ba har mun haddace su, kanmu a buɗe muke zuwa sai mun fito ƙofa mu zaro ɗankwali daga jaka, kuma ko a 2021 an yi babbar rigima a ƙasar nan da wata makarantar mishan ta 'yan mata, ba ta Katolika ba, ta hana ɗaliba Musulma azumi. Wannan faɗan mu muke yinsa da kanmu a nan, iyaye da limamai da 'ya'yanmu da suka zama lauyoyi, kuma da karatun da muka samu a irin makarantun muke yinsa.

Abin da ke ban mamaki da ku shi ne kamar a Gana kawai ake wannan. Sistocin St. Louis 'yan Ailan sun sauka Kumasi a 1947, shekara ɗaya bayan nan a 1948 suka sauka Kano, makarantarsu tana nan Bompai har gobe, ka bincika ka ji 'ya'yan manyan Kano nawa suka yi karatu a cikinta, wa ya ce sun bar Hausanci? Babban limamin ƙasarmu Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda Hausa ce yarensa, da ya cika shekara 100 a 2019 da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Ankara, wato Accra, ranar bikin Ista ya zauna da rawaninsa, ba bauta ya je ba, zumuncin maƙwabtaka ya kai shi. Mu a nan tsiraru ne ɗana, gidan haya ɗaya famfo ɗaya da Kirista, in ka ce ba ka gaisuwar mutuwarsu to ranar da taka ta zo wa zai matsar maka da motarsa a fito da makara?

Sai maganar da ka saka a ƙarshe, wai ko don Inna 'yar Tonawa ce, wato Asante, shi ya sa muke da sassauci. Wannan ta fi ta hoton yi min zafi. Inna ta musulunta kafin Baba ya aure ta, danginta sun juya mata baya shekara da shekaru, ta je Makka sau biyu da kuɗin kokon da take sayarwa, kuma ita ta fi Baba tsanani a kan sallar asuba. Eh muna auren Tonawa da Dagomba da Mosi, fataken da suka taho da jakuna ba su taho da mata ba, da wa kake so su yi aure? Eh Hausarmu ta sha bamban, mukan ce mace ya zo, muna cusa Twi yaren Tonawa a tsakiyar zance, na ji yadda yaran gidanku suke kwaikwayona a bayan ɗaki lokacin da na zo bikin ƙanwarka, ban ce komai ba amma na ji. Sai dai ka sani ƙasar nan kaf da sunan Hausa take cin wake da shinkafa da tuwon zafi da koko da ƙosai, suna da aure da zaman makoki duk yadda kakanni suka bari muke yi, mamacinmu ba ya kwana in da hali. A nan a ce mana baƙi, mu zo gida a ce mana 'yan Gana.

Ita kam sati uku ta yi a firjin asibiti kamar yadda suke yi, ta haura shekara 80. Mu bakwai muka je daga zango, duk tsofaffin ɗalibanta, biyu nas ɗaya tana banki ni kuma na yi ritaya daga koyarwa. A rumfar waje muka zauna, ban yi mata sallah ba ban roƙa mata gafara ba, na san hukuncin, amma da aka fito da akwatin na miƙe tsaye, ai Manzon Allah (SAW) ya miƙe wa gawar Bayahude ya ce ashe ba rai ba ce. Muka haɗa kuɗin gaisuwa muka bayar. Muna shirin tafiya wata ƙaramar sista ta biyo mu da wani tsohon littafin rubutu da aka samu a akwatinta, sunayen duk yaran da ta koyar ne aji aji, wai kullum da dare sai ta buɗe shafi ɗaya ta yi musu addu'a. Na samu nawa a shafin 1976, a gefensa ta rubuta da jan biro, 'yar Alhaji mai goro, Juma'a a sake ta da wuri. A nan ne aka ɗauki hoton da ka gani, shi ya sa idona ya yi ja.

Ka nuna wa babanka wannan saƙon, ka ce masa goron da ya ce in aiko yana hanya da direban da ya saba kawowa. Kai kuma in Allah ya kai mu babbar sallah ka zo Kumasi ka yi ko sati ɗaya ne, ɗakin Baba yana nan ba kowa a ciki.