Shin hisabin sunan ƙanena ne ya jawo masa ciwon baifola?

Tambaya: Likita, bara aka gano ƙanena mai shekara 24 yana da baifola, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai kai mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, aka ɗora shi a kan maganin litiyam, ya samu sauƙi har ya koma shagonsa. Sai wani malamin hisabi ya lissafa sunansa da na mahaifiyarmu, ya ce burujinsa na wuta ne, kuma shekarar wahalarsa ta wuce, a sauya masa suna a daina ba shi ƙwaya. Wata biyu ke nan da ya bar magani. Yanzu ba ya barci, yana cika takardu da lambobi, yana cewa lambar kowace mota da ta wuce saƙo ne gare shi. Shin akwai alaƙa tsakanin lissafin nan da ciwonsa? Hankalina a tashe yake.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika bayyana alamun dawowar ciwon ne, kuma ya kamata likitansa ya gan shi yau ko gobe, kada a jira ranar da aka rubuta masa a kati.

Babu wata hujja da ta nuna cewa adadin haruffan suna ko ranar haihuwa na haddasa baifola. Abin da binciken tagwaye da iyalai ya tabbatar shi ne gado yana da babban kaso, sannan rashin barci, shan wiwi da makamantanta, tashin hankali, da jego ga mata kan tayar da shi. Shi kansa hisabin bai tsaya a kan ƙafa ɗaya ba. A abjadin gabas, wato tsarin ba kowane harafin Larabci lamba, harafin shinun 300 ne, a na Magariba kuwa 1000 ne, don haka, alal misali, sunan Bashir ya kan ba da 512 a wajen wani malami, ya ba da 1212 a wajen wani, in aka raba da goma sha biyu kuma buruji biyu daban su fito wa mutum ɗaya.

Alaƙar da muke gani a asibiti ta wata fuskar take. Idan ciwon ya hau, tunani yana gudu, barci ya ragu ba tare da an ji gajiya ba, ƙwaƙwalwa ta shiga ɗaura ma'ana a kan abin da ya faru haka kawai, lambar mota ko ta waya ta zama wasiƙa zuwa gare shi. Likita ɗan Jamus Klaus Conrad ya bayyana wannan hali a 1958 a cikin masu taɓin hankali. Wato takardun nan da ƙanenki ke cikawa alamar cuta ce, kuma duk wanda ya zauna yana taya shi lissafi yana ƙara rura wutar ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar a daina magani don ya warke. Kusan kullum sai na ji ta. Baifola ciwo ne mai zuwa ya lafa, wani lokaci watanni ko shekaru, kuma wannan lafawar ce masu duba ke cin kasuwarsu da ita: a kawo musu mara lafiya bayan magani ya gama aikinsa, su yi lissafi, su ce ai su suka gano bakin zaren. Sauƙin da ƙanenki ya samu daga litiyam ya fito, maganin da John Cade ya nuna amfaninsa a Ostireliya tun 1949. Yanke shi farat ɗaya ya fi rage shi a hankali haɗari, domin ciwon kan dawo cikin 'yan watanni, kuma haɗarin mutum ya kashe kansa yana ƙaruwa a wannan tsakani. Wanda ya ba da umarnin a daina bai taɓa auna jinin yaron ba, bai san halin ƙodarsa ba, kuma ba shi zai kwana a kansa ba ranar da ya rabar da jarin shagonsa cikin mako guda. Idan abin ya ɓaci ma cewa zai yi an yi kuskuren rubuta sunan uwa, a kawo wani kuɗin a sake. Ban taɓa hana iyali yin addu'a ba, ina ma ƙarfafa ta, amma mai addu'ar da ya san abin da yake yi ba ya cewa a zubar da magani.

Kada ku mayar masa da tsohon litiyam ɗin da kanku, sai an sake gwajin jini da na ƙoda, likita ya tsara adadin. Kada kuma ku saya masa maganin damuwa a kemis, domin shi kaɗai yana iya ƙara hawan ciwon. Ku riƙe masa katin banki da mukullin babur cikin lalama, ku daina jayayya da shi a kan lambobin, ku tafi da takardun likita ya gani. Idan ya fara maganar mutuwa ko ya kwana uku bai rintsa ba, ku wuce da shi sashen gaggawa, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, Dawanau a Kano, Kware a Sakkwato ko na Maiduguri, duk wanda ya fi muku kusa.