Hukuncin Riƙon 'Ya'yan Kyanwa Ga Mai Aikin Sa Kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila, ina aikin sa kai da wata ƙungiyar jin ƙan dabbobi. Sukan kawo mini 'ya'yan kyanwa da aka tsinta ba uwa, in riƙe su a gida har su yi ƙwari, sannan a ba wanda zai riƙe su dindindin. Yanzu guda huɗu ne a wurina, ko ido ba su buɗe ba. Surukata ta ce na cika gida da najasa, kuma wai kwaikwayon Turawa ne. Ƙungiyar tana yi musu fiɗiya, tana kuma karɓar kuɗi daga masu ɗauka. Shin ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, aikinki halal ne, kuma ana fata miki lada. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Sahabbai suka ce, ashe muna da lada a kan dabbobi? Annabi (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta, wato duk mai rai. Shi kansa mai ruwayar, 'yar kyanwar da yake yawo da ita ce ta jawo masa alkunyar da duniya ta san shi da ita. Batun kwaikwayo kuwa bai taso ba. Sarkin Misra Zahir Baibars, wanda ya rasu a 1277, ya yi waƙafin lambu don ciyar da kuliyoyin Alƙahira marasa gida.

Sai dai surukarki ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma a nan nake so ki natsu. Jikin kyanwa da yawunta da gashinta masu tsarki ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Kabsha 'yar Ka'ab ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala, sai kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga tana mamaki, ya gaya mata Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Don haka gashin da ya maƙale a hijabinki ko a dardumar sallah ba ya ɓata komai. Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya. Kuma ke kin fi mai babbar kyanwa haɗuwa da su, domin ɗan da bai kai mako uku ba ba ya iya fitsari da kansa. Uwar ce ke lasar cikinsa, in babu ita sai a jiƙa auduga da ruwan ɗumi a riƙa shafa masa bayan kowane shan madara. Ke nan sau da yawa a yini hannunki na cikin najasa. Wannan ba ya karya alwala, wanke wurin kawai za ki yi. Ki ware riga ɗaya ta wannan aiki, ki shimfiɗa tsumma a cinya, ki hana su shiga ɗakin da kike sallah. In kin yi haka, ki kai wa Hajiya wannan bayani da ladabi, ba da sigar wadda ta ci gardama ba.

Abin da ya fi najasa ba ni tsoro a lamarinki shi ne amana. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, wanda Ibn Umar ya ruwaito, bai ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi ƙwarin ƙasa ba. Daga ranar da kika sa hannu aka ajiye miki kwandon nan, abin da yake mustahabbi ya zama wajibi a kanki har ki mayar da su. Jariran nan suna buƙatar madara kusan duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, kuma madararsu ta musamman, don ta shanu tana sa su zawo. Sanyi kaɗai na iya kashe su. In kin san tashin daren zai sa ki makara sallar asuba, ko ya tauye haƙƙin maigida da yara, ki ce a ba ki waɗanda suka fara cin abinci da kansu. Yardar maigida ma sharaɗi ce, gidansa ne. In wani ya mutu bayan kin yi iya ƙoƙarinki, ba kaffara a kanki, ba zunubi. Idan kuma aka gano uwar tana raye, a haɗa su; Abu Dawud ya ruwaito yadda Annabi (SAW) ya sa aka mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu da sahabbai suka ɗauke.

Fiɗiya akwai saɓani. Shafi'awa sun hana ta ga dabbar da ba a cin namanta. Mai Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki don gyaran nama, an kuma hana yi wa dawaki, wanda ke nuna cewa maslaha ake dubawa. Littattafan Hanafawa sun ambaci kyanwa da sunanta, suka ce babu laifi in akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Wannan nake rinjayarwa. Mage tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, ta haihu bayan kamar mako tara, kuma irin wannan yawaitar ce ta jefa huɗun da ke hannunki a titi. Sharaɗin shi ne likitan dabbobi ya yi, da allurar kashe zafi.

Kuɗin da ake karɓa: Muslim ya ruwaito daga Jabir tsawatarwa a kan kuɗin kyanwa, Ibn Hazm ya ɗauke shi a kan haramci, jumhur, wato mafi yawan malamai, suka ce karhanci ne mai sauƙi. Amma abin da ƙungiya ke karɓa ba farashin dabba ba ne, mayar da ɗawainiya ne: rigakafi, aikin likita, da ƙwayar na'urar shaida da dokar Ingila ta wajabta sa wa kuliyoyin gida tun watan Yuni na 2024. Babu laifi a ciki.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Abin da kike kashewa daga aljihunki sadaka ce ta ganin dama, kada ki lissafa shi cikin zakka, don aya ta 60 a suratu Tauba ta iyakance masu cin ta, dukkansu mutane ne. Sannan in kina da juna biyu, ki bar wa wani kwashe kashinsu, ko ki sa safar hannu, saboda akwai ƙwayar cuta a kashin kyanwa da likitoci suka tabbatar tana cutar da ɗan tayi.

Wallahu a'alam.